Ranar da Clarrie Doolan Ya Kashe Famfo

Shekara talatin da ɗaya Clarrie Doolan yana haƙa rijiyar burtsatse a yammacin Queensland, bai taɓa barin ƙarfe ko taƙi ɗaya a cikin ƙasa ba. Kowa ya sani, don shi yake faɗa. Yana faɗa a gidan mai, yana faɗa a wurin binne gawa, ya taɓa faɗa wa likita mutumin yana tsaka da leƙa masa kunne. A sana'arsu kuwa ba ƙaramar magana ba ce. In bututu ya maƙale a can ƙasa ya ƙi fita, rami ya mutu ke nan, ƙarfe ya tafi, sai ka matsa gefe ka faro daga sama, in kana da sauran bututun da za ka faro da shi. Clarrie ba shi da shi. Guda takwas suka rage a kan tirela. Sauran duka, mita ɗari uku da arba'in, suna tsaye cikin ramin da yake haƙa wa Noreen Pascoe.

Noreen ta haura saba'in, mijinta ya rasu, ita kaɗai take riƙe da shanu ɗari shida a filin da rabonsa da ruwan sama shekara biyu. Tafkinta na ƙarshe ya kusa komawa taɓo. Ta auna da sanda, ta ce kwana tara ya rage. Ruwan ƙasa kuma, a ganin Clarrie, saura mita talatin ko arba'in a cim masa. Aikin kwana biyu, in ramin nan bai mutu ba. In ya mutu, sabo sai sati uku.

Su uku ne a kan injin. Clarrie ne mai riƙe da hannuwan inji, ba mai taɓa su sai shi. Sione, wani ƙaton mutumin Tonga mai jikoki biyu, shi ke ɗaura bututu yana kwancewa. Sai Bev, matar Clarrie, mai dama laka.

Wanda bai san aikin ba sai ya ɗauka ƙarfe kaɗai ke haƙa rami. Ƙarfe cin dutse kawai ya iya. Abin da ya ci kuwa dole a fito da shi, aikin laka ke nan. Famfo ya tura ta ta cikin bututu har ƙasa, ta fita ta bakin haƙorin da ke cin dutsen, ta kwaso tsakuwa, ta hawo da ita ta gefen bututu har waje. Sunanta laka, amma ruwa ne da wani gari da ake damawa. Shekara da shekaru garin danƙo Bev take sawa. Halinsa guda ne: in famfo na tura shi sai ya tsinke ya gudu kamar ruwa, da an tsaya sai ya kama jikinsa, kowace tsakuwa ta tsaya cak inda take, kamar nama a daskararren romo.

To, a watan jiya Clarrie ya shiga gari shi kaɗai. Wani mai sayar da kaya ya dama masa sabon gari a bokiti, ya tsoma yatsa ya ɗaga. Abin ya biyo yatsan, zare guda, yauƙi har tsawon hannu bai tsinke ba. Clarrie ya yi ta kallo baki buɗe. Ya dawo da buhu ashirin. Tun ranar Bev take kiran abin majinar Clarrie.

Safiyar Talatar nan ya ɗauko mazurarinsa, ya toshe ƙasan da yatsa, ya cika shi da laka, ya saki yana duban agogo har moɗa ta cika. Haka aka koya masa auna kauri tun yana saurayi, haka zai mutu yana yi.

"Arba'in da biyu!" ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Sakan arba'in da biyu cif. Tsohuwa, kin ji? Daidai da naki na da, ko ɗigo bai bambanta ba."

Bev ba ta ko juyo ba. Ta jera kwalaben jam guda biyu a kan bonet ɗin motarsu. Ta hagu ta cika ta da tsohuwar laka ta danƙo, ta dama kuma da sabuwar. Ta zuba cokalin tsakuwa a kowace, ta girgiza, ta ajiye.

"Je ka sha shayinka ka dawo, mai arba'in da biyu."

Ya sha ya dawo. Ta hagu tana nan yadda aka bar ta, tsakuwa a rataye sama da ƙasa. Ta dama kuwa samanta ya washe, tsakuwar duk ta kwanta a gindi.

"Kauri daban, riƙo daban," in ji Bev. "Majinarka kauri gare ta, ba ta riƙe komai. Mazurarin nan naka ba ya ganin wannan."

"Kwalba ba rami ba ce."

"Rami doguwar kwalba ce, kan dutse."

"Kwana tara muna aiki da ita, me ya faru? Sione, me ya faru?"

Sione ya ɗaga hannu biyu sama. "Oga, ni bututu na sani. Faɗan miji da mata ba ya cikin aikina."

"Ba abin da ya faru," in ji Bev, "don ba ka kashe famfo sai ramin ya wanku tas. Yau wace rana ce?"

Murmushi ya suɓuce wa Clarrie. Talatar farko ce ta Nuwamba, ranar babban tseren dawakin Melbourne. Ƙarfe biyu na rana ƙasar duka take tsayawa, kotu da makaranta da mahauta. Shi ma duk shekara yana kashe inji ya kasa kunne ga rediyo, don da ƙarar injin nan ko aradu ba za ka ji ba.

"Minti uku da rabi ne fa," ya ce. "Shekara talatin da ɗaya ina kashewa."

"Shekara talatin da ɗaya lakata tana rufa maka asiri."

Ta bar shi nan. Buhu biyu na garin danƙo suka rage mata, waɗanda Clarrie ya mai da kujerar zama. Ta janye su, ta cika ƙaramin tanki da ruwa, ta tsaya tana barbaɗa garin da hannu kaɗan-kaɗan. Ba a juye shi gaba ɗaya, sai ya dunƙule ya yi gudaji kamar idon kifi, waje jiƙaƙƙe ciki busasshe. Tun ƙarfe bakwai take barbaɗawa har rana ta take.

"Sione, dubi matata," Clarrie ya yi ihu daga kan inji. "Kaji take ba tsaba!"

Shi kuwa ƙaimi ya ƙara. Yana so ya ci mita goma kafin tsere, don ya sami abin faɗa wa Noreen. Ya danna haƙori cikin wani dutse mai taushi, ƙarfe na nutsewa kamar cikin burodi, tsakuwa na hawowa fal. Daɗi ya cika shi har yana fito.

Ƙarfe ɗaya sai ga ƙurar motar Noreen. Ta sauko da doguwar riga shuɗiya, da takalman shiga garke, da wata hula mai faɗin tayar mota an lulluɓe ta da furannin roba. Ta kawo gasassun kaji uku, da kek, da lemo cikin ƙanƙara.

"Ina kwalliyarku, 'yan banza? Haka za ku tarbi ranar?"

Kafin ta rufe baki Sione ya fito daga bayan tirela da laktaye mai zanen abarba a kan rigar aiki duk mai. Bev ta manna gashin emu, jiminar ƙasar, guda uku a hular kwanonta da salatif. Clarrie ya zaro kwat ɗin da ya sa ranar aurensa. Maɓallin da ramin maɓallin sun daɗe da rabuwa, tumbi ya shiga tsakani.

"Ango! Ango!" Sione yana tafi. "Anti Bev, a haka kika gan shi kika yarda?"

"Lokacin yana da wuya," in ji Bev. "Yanzu kai ne kawai aka ɗora a kan ganga."

Noreen ta kife hularta, ta zuba 'yan takardu ashirin da huɗu, lambobin dawaki, kowa ya ɗebi shida. Dokar kullum ita ce, wanda dokinsa ya ci ba ruwansa da kwashe kwatamin laka da shebur in an gama aiki.

"Ni dama ba na kwashewa," in ji Noreen. "In nawa ya ci, ga abin da nake so. Clarrie zai yi kwana ɗaya cur, awa ashirin da huɗu, bai yi mana maganar shekara talatin da ɗaya ba."

Bev ta dafe ƙirji. Sione ya dubi sama, leɓunansa na motsi.

"Addu'a kake yi, kai ƙato?"

"A'a oga. Ƙuda nake kora."

"Na yarda," in ji Clarrie. "Ai ba ci za ki yi ba, Mama."

Saura minti biyu a fara, yana kan haƙa. Da gaskiya ne, kamata ya yi ya bar famfo ya yi rabin awa yana wanke ramin. Ina lokaci? Ya ɗaga haƙori mita ɗaya daga ƙasa, ya miƙa hannu ga makulli. Bev ta ɗauki kwalbar dama ta girgiza ta dangwarar a kan bonet kusa da rediyo.

"Da an gama ka tada shi. Ko sakan ɗaya kada ka ƙara. Ka ji ni?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ya kashe. Shiru ya sauko, har kukan hankaka ana ji daga nesa. Su huɗu suka kewaye rediyo, kai da kai, furannin Noreen na tsokane wa Sione ido.

Aka saki dawaki. Da farko kowa na duban takardunsa yana gunaguni. Dawakin Sione shida kamar sun haɗa baki, duk suna baya. "Wannan mai lamba huɗu jaki ne," ya ce, "an yi masa fenti." Na Bev guda ya ja gaba har rabin hanya, sai aka daina jin sunansa. Da aka sha kwanar ƙarshe mai rediyo ya fara shaƙewa, lamba biyu kawai yake kira: tara, sha bakwai, tara, sha bakwai.

"Tara nawa ne!" Clarrie ya daka tsalle, hammatar kwat ta yage. "Taho, ɗan albarka! Taho!"

Noreen ta kai takardarta kusa da hanci. "Af. Sha bakwai fa nawa ne."

Bev da Sione suka dubi juna. Sai wuri ya kaure.

"Sha bakwai! Sha bakwai!" Bev ta cire hular kwano tana dukan bonet da ita, gashin emu na tashi. Sione ya haye buhun majina ya mai da shi doki, yana zabga masa laktaye. Noreen ta kama hularta hannu biyu tana sukuwa a tsaye, takalmanta na tada ƙura. Clarrie shi kaɗai a nasa ɓangaren, jijiyar wuya ta fito, yana kiran matarsa maciya amana.

Dawakin suka tsallake layi tare. Mai rediyo ya ce ido ba zai raba ba, sai an duba hoto.

"Nawa ne, na ji a jikina."

"Jikinka ya taɓa gaya maka gaskiya?" in ji Bev. "Shi ya ce maka kwat ɗin nan zai shige ka."

Aka jira hoto. Noreen ta yayyaga kaza, kowa ya ci a tsaye. Hoto ya fito: tara, da ɗan hancinsa. Clarrie ya rungumi Noreen ya ɗaga ta sama, ya dire ta, ya zagaya mota yana rawa gwiwa na ƙara. Bai gama zagaye na biyu ba mai rediyo ya ce a dakata. Mahayin sha bakwai ya kai ƙara, wai tara ya matse shi a hanya. Alƙalai sun shiga ɗaki.

Wayyo, ihun da Bev ta yi! Ta kama hannun Sione suka yi ta juyi. Sione ya ɗauko wata waƙar cocinsu da murya kamar ta bijimi, ya sa sha bakwai a cikinta. Aka buɗe lemo, aka yanka kek. Clarrie ya tsaya yana yi wa rediyo bayanin dokar tsere, yana nuna ta da ƙashin kaza. Noreen ta ce ita dai tun mutuwar mijinta ba ta yi dariya irin wannan ba.

Cinya ta biyu Clarrie ya miƙa hannu zai ɗauka, idonsa ya sauka a kan kwalbar dama.

Samanta garau, har yana hango tambarin motar ta ciki. Tsakuwar ta kwanta a gindi ta yi daɓe. Ya dubi agogo. Biyu da minti ashirin da takwas.

Kusan rabin awa ke nan famfo a kashe. Ya ajiye cinyar a hankali, ya fara ja da baya, yana tafiya irin ta wanda zai je bayan gida ba ya so a lura. Taku biyar ya yi. Bev ta bi inda idonsa ya baro, ta ga kwalba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Clarence."

In ta kira cikakken sunan, magana ta ƙare. Ya ruga.

Inji ya tashi. Ya sa famfo, allurar agogon famfo ta yi tsalle ta faɗa ja, tiyo ya miƙe ya yi tauri kamar icce. A bakin rami kuwa ko ɗigo bai fito ba. Ya sassauta. Ya gwada juya bututu. Bututu ya murɗa kaɗan ya dawo, ƙasa ba ta saki ba. Duk tsakuwar da ya ci tun safe, wadda ke kan hanyar hawowa lokacin da ya kashe, ta gangaro ta zauna a kafaɗar haƙori.

Ba ya tunani a lokacin, hannunsa ne ke yi. Ya ja hannun ɗagawa. Injin ya yi nishi, ƙarafuna suka ɗauki kuka, ƙafafun motar haƙar suka fara nutsewa cikin ƙasa.

"Sake shi!" Bev ta iso tana haki. "Sake, na ce! Kana ja kana ƙara cusa ta. So kake ka tsinka?"

Ya saki. Ya tsaya, kwat a yage, maiƙon kaza a gemu. Ya waiwaya, sai ya ga Noreen can gefe, ta cire hular ta riƙe a ciki, ba ta kallon su, tana kallon wajen tafki inda shanu suka yi cincirindo. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Tun da suka yi aure bai taɓa tambayar kowa yadda zai yi da hannuwan injin nan ba.

"To, faɗa mini."

Bev ta matso gindin inji.

"Mita nawa ka ɗaga kafin ka kashe?"

"Ɗaya."

"To muna da mita ɗaya. Ƙasa za ka yi, ba sama ba. Ka ɗora masa nauyi kaɗan, ka murɗa, ka saki. Famfo kuma can ƙasa-ƙasa, kamar kana lallashin jariri. Sione, kwanta a bakin ramin, ko gumi ka gani ka faɗa."

Sione ya kwanta rub da ciki, laktaye cikin taɓo. Clarrie ya danna, ya murɗa, ya saki. Ya danna, ya murɗa, ya saki. Minti goma ba labari. Ƙudaje suka taru a gefen idonsa, bai kore su ba. A ransa yana ta lissafin yadda zai shiga gidan mai a gari a ce ga Doolan nan, wanda ya binne bututu don sauraron doki.

"Anti!" in ji Sione. "Ramin ya yi gyatsa."

"Gyatsa ko ruwa?"

"Gyatsa... ga shi, ga shi! Yana tsatsafowa. Kamar fitsarin tsoho, amma yana zuwa."

"Ya isa. Hanya ta samu."

Bev ta ruga ta juya tiyon zuƙa daga kwatami zuwa ƙaramin tankinta, abincin kajin nan da ta wuni tana barbaɗawa. A cikin tanki ya kama jikinsa har cokali zai tsaya a kai. Da famfo ya ja shi sai ya tsinke ya bi tiyo sumul.

"Yanzu sai haƙuri," ta ce. "Zai ratsa ta 'yar kafar nan don in an matse shi tsinkewa yake. Da ya wuce ya sami sarari zai sake kamawa, ya ɗauko ta. Kada ka ƙara wuta. In ka ƙara, na rantse da wannan shebur zan sauko da kai."

"Ban ƙara ba."

"Na ga yatsanka."

Ya janye yatsan. Danna, murɗa, saki. Allura ta sauko kaɗan, ta koma, ta sake saukowa. Noreen ta matso ta tsaya bayan Sione. Can Clarrie ya ji wani abu a tafin hannunsa, ta cikin ƙarfe, abin da ba mai ji sai wanda ya shekara talatin da ɗaya yana riƙe da shi. Bututu ya murɗa, bai dawo ba. Ya tafi faɗin yatsa. Ya tafi kwatan zagaye. Ya sauka taƙi guda da kansa, ya yi wata ƙara gurr, sai ga shi yana juyi, yana juyi, kamar ba shi ne ya tsaya ba.

"Yana juyawa!" Clarrie ya ƙwala. "Bev! Yana..."

"Na gani. Sione, ɗauke fuskarka daga..."

Ba ta ƙarasa ba. Ramin ya yi tari sau ɗaya, ya amayo. Duk abin da ya toshe a ciki ya taso lokaci guda, majina da tsakuwa da iska, ya yi sama ya fi tsayin mutum biyu, ya dawo a kansu. Sione ne ya sha na farko, baki buɗe. Ya miƙe zai gudu, ƙafafunsa suka tafi gabas shi ya tafi yamma. Abin da mai sayarwa bai faɗa wa Clarrie ba ke nan: in majinar nan ta zuba a ƙasa, sabulu ma bai kai ta santsi ba. Bev ta je ɗaga Sione, ta zame ta zauna a cikinsa. Noreen ta yi taku ɗaya, ta tafi a zaune kamar an tura ta, ta yi mita uku, hula a cinya cike da tsakuwa. Clarrie ya diro daga kan inji zai ceci Noreen, ya wuce ta a kwance, sai da tayar tirela ta tare shi.

Ba wanda ya iya tashi. Duk wanda ya yunƙura sai ya koma. Yauƙi na zarara daga gemu, daga kunne, daga gashin emu guda ɗaya da ya rage. Noreen ce ta fara, wata dariya mai kama da shaƙuwa, sai ta kama kowa. Sione yana dukan ƙasa, taɓo na fantsama. Bev hawaye take, tana nuna mijinta ta kasa magana. A bayansu kuwa bututu na ta juyi, laka na kwarara daga rami mai kauri, ɗauke da tsakuwa shebur-shebur.

Da rarrafe Clarrie ya koma kan inji. Ya bar famfo yana wanke ramin, wannan karon har sai da Bev ta tara hannu a magudana ta ce ya isa. Sannan ya sauko, ya gyara abin da ya rage na kwat ɗinsa, ya tsaya a gabansu ƙirji a gaba. Daɗi ya cika shi har wuya.

"To, jama'a. Kun dai gani da idonku. Shekara tala..."

"A'a," in ji Noreen.

"Me?"

Ta nuna rediyo da haɓa. Tana ta surutunta a kan bonet tun ɗazu, ba mai saurare sai ita.

"Alƙalai sun fito tun kana lallashin jariri. An karɓi ƙara. Sha bakwai." Ta duba agogonta, ta share yauƙin da ke kai. "Huɗu saura kwata. Sai gobe war haka."

Clarrie ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi ramin, ya dubi bututunsa na juyi lafiya lau, ya dubi mutum uku da suka shaida abin da ba a taɓa gani ba. Fuskarsa ta yi jawur. A hankali ya ɗaga yatsu uku, ya ɗaga ɗaya a ɗaya hannun.

"Har da yatsu," in ji Noreen.

Sione ya sake kwanciya a taɓo don kansa.

Noreen ta buga wa wani maƙwabcinta waya, mai haƙa ne shi ma da ya yi ritaya, aka sami buhu shida na garin danƙo a rumbunsa. Ita da kanta ta je ta ɗauko da asuba. Buhunan majina kuwa aka jibge su bayan tirela, Sione ya ce a bar masa ɗaya, dokinsa ne. Ran Laraba suka zubar da lakar majina, Bev ta dama ta danƙo, suka ci gaba da haƙa. Clarrie ya wuni kamar mai ciwon haƙori. Sau biyu yana fara magana ya mai da ita tari. Da tsakar rana Bev ta kama shi a gaban bonet, ya ɗauki kwalbar hagu yana duba ta a rana. Tsakuwar jiya da safe tana nan a rataye inda aka bar ta. Ya ga ta gan shi, ya ajiye, ya ce ƙuda ne ya faɗa ciki.

Huɗu saura minti ashirin yashin da ke fitowa ya sauya, ya yi fari, lakar ta fara ɗumi tana tsinkewa. Duk wanda ya yi aikin ya san ma'anar wannan. Ruwa na kusa, ƙasa ta fara turo nata. Can wajen tafki wata saniya ta ɗaga kai ta yi kuka, wasu suka amsa.

Su uku suka jeru a gindin inji, Noreen na riƙe da agogo.

"Saura minti ɗaya," ta ce. "Ku more shi."

"Ni dai na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana," in ji Sione.

"Lokaci ya yi."

Clarrie ya dube su daga sama. Ya share gemu. Ya ɗauko mazurarinsa daga ƙugiya, ya jujjuya shi, ya mai da shi ya rataye.

"Bev," ya ce, "lakar ta yi?"

Ta ɗebo a kwalba, ta ɗaga, ta ɗan jira.

"Ta yi."

"To madalla." Ya ja numfashi har maɓallin rigarsa ya yi ƙara. "Shekara talatin da ɗaya..."

Sione ya toshe kunnuwa da laktaye. Noreen ta juya ta tafi buɗe wa shanu ƙofa.